Ƙwaryar Goro da Ƙwaryar Sinadari: Me Ya Hana a Bayyana Lissafin Mol da Hausa?

Gabatarwa

Akwai wani darasi a cikin kimiyyar sinadarai wanda duk ɗalibin babbar sakandare da ya zaɓi fannin kimiyya sai ya yi karo da shi, kuma a kansa ne da yawa sukan yanke ƙauna, su ce wannan fanni ba nasu ba ne. Darasin shi ne lissafin haɗin sinadarai, watau yadda za a san adadin abin da za a zuba da adadin abin da za a samu idan sinadarai suka haɗu suka rikiɗe. Turawa suna kiransa da wani dogon suna, istoyikiyometiri, wanda wani Bajamushe mai suna Jeremias Richter ya ƙago a 1792 daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya mai nufin tushen abu, ɗaya mai nufin awo. Jigon wannan darasi shi ne abin da zan kira gwargwadon mol.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan mujallar ɗaliban Hausa da wannan batu? Amsata ita ce ruwanmu ne, har tsundum. Maƙasudin wannan maƙala shi ne in nuna cewa tunanin da aka gina lissafin nan a kansa yana nan daram cikin harshen Hausa da kasuwar Bahaushe, kuma babban abin da ke ɓoye shi ga ɗalibinmu shi ne harshen da ake gabatar masa da shi. In kuwa haka ne, to, aikin fito da shi fili ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan malaman kimiyya. Zan ɗauki ɗalibin ƙasar Tozai a matsayin ma'auni, domin maganar da ba ta da gari ba ta cika kama ƙasa ba.

Ɗalibin Tozai da Lissafinsa

Tozai tana cikin Ƙaramar Hukumar Illela, a arewacin Jihar Sakkwato, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, Birnin Ƙonni na can ɗaya gefen. Mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Da damina ana noma gero da dawa da wake, da rani kuma ana noman albasa a fadamu irin na Kalmalo, ga kuma babbar kasuwar Illela wadda ake hada-hadar dabbobi da hatsi a cikinta tsakanin ƙasashen biyu.

Yaron da ya tashi a irin wannan wuri da awo ya buɗe ido. Ya san mudu, ya san buhu, ya san dami. Daɗin daɗawa, ya san kuɗi iri biyu. Ya san cewa a bakin mutanen Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari ce, jikka ɗaya kuma sefa dubu ce. Idan aka faɗa masa kuɗin akuya da jikka, sai ya mayar da shi sefa, ya dubi yadda canji yake a ranar, ya mayar da shi naira, duk a ka, ba alƙalami ba takarda. Wannan yaro shi ne zai zauna a aji, a rubuta masa lissafin mol da Ingilishi, ya yi zuru kamar bai taɓa jin ana raba lamba ba. Ashe kuwa abin da ake nema ya yi bai fi wahalar abin da yake yi a bakin kasuwa ba. Bari mu duba mu gani.

Mene ne Mol?

Sanin kowa ne cewa idan Bahaushe ya ce a ba shi ƙwaryar goro, goro ɗari yake nufi. Ba ruwansa da girman ƙwaryar da aka zuba shi a ciki, kuma ba ruwansa da nauyinsa. Ƙwaryar marsa ta fi ƙwaryar ƙananan goro nauyi nesa ba kusa ba, amma kowace ɗari ce. Haka dozin yake, sha biyu ne, ko na ƙwai ko na kwanuka. Watau ƙwarya da dozin sunayen adadi ne.

To, mol shi ne ƙwaryar masu kimiyyar sinadarai. Bambancin kawai shi ne abin da suke ƙirgawa, watau ƙwayoyin zarra, ƙanana ne ƙwarai har ido ba ya ganinsu, saboda haka ƙwaryarsu ta zama ƙatuwa. Mol ɗaya shi ne ƙwayoyi kimanin 6.022 × 10²³, watau lamba 6 da wasu lambobi 23 suna biye da ita. Ana kiran wannan adadi da sunan Amedeo Avogadro, mutumin Italiya, wanda ya kawo ra'ayin nan a 1811 cewa iskoki mabambanta, in suka cika wuri ɗaya a zafi ɗaya da matsi ɗaya, to, yawan ƙwayoyinsu ɗaya ne. An shigar da mol cikin ma'aunan duniya a 1971, sa'an nan a 2019 aka tsayar da adadin nasa a kan lamba ɗaya tabbatacciya.

Tun da ba mai iya zama ya ƙirga ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya, sai ake ƙirga su da sikeli. Wannan ma ba baƙon abu ba ne. Kafinta adadin ƙusa yake bukata, amma da kilo ake sayar masa, kuma ya san kilo ɗaya na ƙananan ƙusoshi ya fi kilo ɗaya na manya yawa. Haka kowane sinadari yake da nauyin mol nasa. Mol ɗaya na iskar haidirojin giram 2 ne, na iskar naitirojin giram 28, na ruwa kuwa giram 18, abin da bai wuce kurɓi ɗaya ba. Nauyinsu ya bambanta, adadinsu ɗaya, kamar dai ƙwaryar marsa da ta ƙananan goro.

Jimlar Sinadari da Nahawunta

A nan ne ɗalibin harshe zai ga abin da ya saba da shi. Abin da malamin kimiyya ke rubutawa a allo jimla ce, tana da nahawunta. Mu ɗauki jimlar da ake haɗa amoniya da ita, wadda daga gare ta ake samun takin zamani:

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Lambobi iri biyu ne a nan. Ƙananan da ke ƙasa suna cikin ƙirar kalmar ne, ba a taɓa su. Wanda ya sauya su ya sauya kalmar ɗungurungum, kamar wanda ya ja wasali ya mayar da garin da ake zama a ciki garin tuwo. Alal misali, H₂O ruwan sha ne, amma H₂O₂ wani sinadari ne dabam da ake wanke rauni da shi. Manyan lambobin da ke gaba kuwa na ginin jimla ne, su ne masu faɗar nawa ake bukata. Jimlar tana cewa ne: mol ɗaya na naitirojin da mol uku na haidirojin suna ba da mol biyu na amoniya. Wannan ɗaya da uku da biyu shi ne gwargwadon mol.

Babban ramin da ɗalibai ke faɗawa shi ne su ɗauki waɗannan lambobi a matsayin nauyi, su ce giram ɗaya da giram uku sun ba da giram biyu. Manomin da ke huɗa da shanu ba zai yi wannan kuskure ba. Ya san garma ɗaya shanu biyu take bukata, kuma bai taɓa ɗora sa a sikeli don ya ga ko ya yi nauyin rabin garma ba. Maganar adadi ce. In aka mayar da jimlar nan nauyi, giram 28 ne na naitirojin da giram 6 na haidirojin suke ba da giram 34 na amoniya. Ba abin da ya ɓace, ba abin da ya ƙaru, kamar yadda Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya bayyana a 1789.

Yanzu a ce an tambayi ɗalibi: amoniya nawa za a samu daga giram 56 na naitirojin? Taki uku zai yi. Da farko ya mayar da giram mol: 56 a raba da 28, mol 2 ke nan. Na biyu ya dubi gwargwado: kowane mol ɗaya yana ba da biyu, saboda haka mol 2 zai ba da mol 4 na amoniya. Na uku ya mayar da mol giram: nauyin mol ɗaya na amoniya giram 17 ne, sau 4 ya zama giram 68. Shi ke nan. Mai karatu ya lura, wannan ita ce hanyar ɗan canji: daga jikka zuwa sefa, daga sefa a bi farashin rana, a fita a naira. Ba a tsallake tsakiya, domin a nan canjin yake.

Garmar nan kuma za ta sake yi mana amfani. Mutum yana da garma biyar da shanu shida. Garma nawa za ta shiga gona? Uku, biyu su kwana a jingine. Shanu ne suka yanke hukunci, ko da yake sun fi garemanin yawa. Wannan shi ne darasin da ake kira sinadari mai ƙarewa da wuri, wanda ake shafe makonni ana fama da shi a aji, alhali kowane yaron ƙauye ya san amsarsa tun kafin a gama tambaya.

Amfaninsa ga Gona da Gini

Kada a zaci wannan lissafi na jarrabawa ne kurum. Takin yuriya da manomin albasa ke saye daga amoniyar nan ake yinsa, a masana'antu irin na Indorama da ke Eleme da na Dangote da aka buɗe a Legas a 2022. Jimlarsa ita ce:

2NH₃ + CO₂ → CO(NH₂)₂ + H₂O

Watau mol biyu na amoniya da mol ɗaya na iskar kabon suna ba da mol ɗaya na yuriya da mol ɗaya na ruwa. Nauyin mol ɗaya na yuriya giram 60 ne. Buhu mai kilo 50 ke nan yana ɗauke da mol kimanin 833, wanda ke bukatar ninkinsa biyu na amoniya, watau kilo 28 da 'yan kai, da kuma iskar kabon wajen kilo 37. A cikin kowane giram 60 na yuriya, giram 28 ne naitirojin, abincin da shuka ke nema. Daga nan aka samo lambar nan 46 da ake bugawa a jikin buhu, watau kashi 46 cikin ɗari. Ma'anarta ita ce buhun yuriya yana da naitirojin kilo 23, alhali buhun NPK mai lamba 15:15:15 kilo 7 da rabi yake da shi, ko da yake shi yana ɗauke da wasu sinadarai biyu da yuriya ba ta da su. Ɗalibin da ya gane wannan zai iya zama da mahaifinsa su auna wane taki ya dace da wace gona, da kuma wanne ne ya fi araha in aka dubi abin da ke cikinsa. Wanda ya haddace shi kawai don jarrabawa, ranar da aka fito daga ɗakin jarrabawa ya rabu da shi.

Haka kuma kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato, wanda aka kafa a 1962 ya fara aiki a 1967, kullum a kan wannan lissafi yake tafiya. Ana ƙona dutsen farar ƙasa, CaCO₃, ya rabu biyu, CaO da CO₂, gwargwadon ɗaya da ɗaya da ɗaya. Nauyin mol ɗaya na dutsen giram 100 ne, abin da ya rage bayan ƙuna giram 56, giram 44 kuma ya bi iska. Saboda haka duk tan ɗaya na tsantsar dutse, kilo 560 ake samu, kilo 440 ya tashi sama. Wa zai riƙe irin waɗannan masana'antu gobe, in 'ya'yan jihar sun gudu daga kimiyya tun daga wannan darasi?

Hujjojin Masu Ja

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Ta farko ita ce da Ingilishi ake rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, don haka duk lokacin da aka ɓata ana bayani da Hausa an rage wa ɗalibi damar gogewa da harshen jarrabawa. Wannan magana ta sami ƙarfi a watan Nuwamba na 2025, sa'ad da Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa a kowane mataki. Amsata ita ce ba na kiran a fitar da Ingilishi daga ajin kimiyya. Abin da nake kira shi ne a fara fahimta, sa'an nan a sa wa abin suna. Ɗalibin da ya gane cewa mol ƙwarya ce, cikin minti kaɗan zai riƙe sunansa na Ingilishi. Wanda bai gane ba, kaya biyu aka ɗora masa a lokaci guda, na harshe da na lissafi, kuma in ya faɗi ba mai sanin wanne ya kayar da shi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara lissafi da kimiyya da Yarabanci har shekara shida, ya nuna cewa yaran ba su koma baya ba ko a Ingilishin kansa.

Hujja ta biyu ita ce Hausa ba ta da kalmomin. Wannan gaskiya ce rabi da rabi. Alamomin sinadarai, irin su N da H da Ca, na duniya ne, Bajapane da Balarabe da Bature duk su suke rubutawa, mu ma ba za mu taɓa su ba. Mol da giram kuwa a are su kamar yadda aka ari sukari da mota. Shi kansa mol ɗin daga Jamusanci Ingilishi ya aro shi. Abin da ya rage shi ne kalmomin tunani, kuma su ne Hausa take da su a wadace: gwargwado, adadi, nauyi, awo, ninki, rabo, saura. Tun kafin samun 'yancin kai Dokta R. M. East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, suka bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausa mai daɗi. Abin da ya yiwu a wancan zamani ba zai gagara yanzu ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma daga malaman kimiyya take fitowa: misalan kasuwa suna iya ɓatar da ɗalibi. Haka ne. Malamin da ya ce mol kamar mudu ne ya yi ɓarna, domin mudu cika yake aunawa, ba adadi ba. Mudun gero da mudun wake cikarsu ɗaya, yawan ƙwayoyinsu ya sha bamban, watau akasin mol ke nan. Amma wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. Tana nuna cewa zaɓen kalma aiki ne na gwaninta, wanda bai kamata a bar wa kowane malami ya yi shi a tsaye a gaban allo ba. Ai ko yanzu malamai a makarantun karkara suna juyawa su yi bayani da Hausa in sun ga aji ya yi tsit. Ana yin abin, sai dai ana yinsa ba tsari, kowa da tasa fassara. Rarrabe ƙwarya da mudu aikin mai nazarin ma'ana ne.

Aikin da Ke Gabanmu

An kafa Hukumar Hausa a 1955, aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya ba mu kalmomin da muke nazarin harshe da adabi da su a yau. Mun yi wa kanmu riga, amma ɗalibin kimiyya har yanzu yana tsaye a rana. A can Nijar kuma, inda aka fara makarantun gwaji da Hausa a Damagaram tun 1973, an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025. Ke nan ɗalibin Ƙonni da ke koyon mol da Faransanci da ɗalibin Tozai da ke koyonsa da Ingilishi littafi ɗaya na Hausa zai ishe su.

Saboda haka ina ba da shawarwari uku. Na ɗaya, sassan Hausa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello su zauna da sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'insu su tsayar da kalmomin wannan darasi, ko da guda hamsin ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, a ba ɗaliban ajin ƙarshe damar rubuta kundin digirinsu a kan bayyana babi ɗaya na kimiyyar sakandare da Hausa, malamin harshe da malamin kimiyya su duba shi tare. Na uku, kada a tsaya a kan takarda. A kai abin da aka rubuta makarantun karkara irin na ƙasar Illela, a koyar da aji ɗaya da shi, wani ajin a bar shi yadda aka saba, a yi musu jarrabawa iri ɗaya da Ingilishi, a buga sakamakon ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma da irin wannan shaida ce kaɗai za a iya tunkarar masu tsara manufar ilmi.

Kammalawa

Gwargwadon mol ƙirga ne da ake yi da sikeli, taki uku ne daga giram zuwa mol, daga mol zuwa mol, daga mol zuwa giram. Yaron da ya iya ƙwaryar goro da canjin sefa da ɗaurin garma ya riga ya mallaki rabin darasin kafin ya shiga aji. Sauran rabin yana jiran wanda zai rubuta masa shi da harshen da yake tunani da shi. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, mun daɗe muna faɗa wa duniya cewa Hausa harshen ilmi ce. Ga wuri an samu da za a gwada, kuma babi ɗaya ya isa a fara da shi.